Tukunyar Da Ta Ƙi Amsawa

Tun daga bakin ƙofa Auta ta san yau akwai magana. Takalman Yaya ne a jere kusa da na Gwaggo, kuma mutanen nan biyu ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya sai in ita za a sa a gaba.

Ta yi sallama ta shiga da farar rigar aikinta, jikinta duk warin maganin asibiti. Umma na bakin gado ta zabga tagumi. Gwaggo ta baje a kujerar marigayi Abba, kujerar da tun ranar da bam ya faɗo kasuwa ya tafi da shi babu mai ƙarfin halin zama a kanta sai ita. Yaya kuwa yana tsaye jikin taga, bindigarsa jingine da bango. Shi ne shugaban masu tsaron gada ta wannan ɓangaren, kuma tun rasuwar Abba shi ne uba a gidan.

"Sannu da zuwa, 'yar agaji," in ji Gwaggo. "Zauna, yau dai a yi ta ta ƙare."

Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Umma.

"Ki faɗa mini aibin ɗana. Gidan mai gare shi, injin wutar asibitinku ma da mansa yake tashi, kyauta. Ya bi ki, ya bi ki, har mutane sun fara yi masa dariya. Amma ke kin nace sai wani zangarmemen direba da safe yana wajenmu, rana yana wajen waɗanda suka kashe ubanki!"

"Madara yake kaiwa, Gwaggo. Jarirai yake kai wa."

"Jariran su wa? Waɗanda za su ƙoshi su girma su ɗauki bindiga?"

Umma ta fashe da kuka. "Auta, ki tausaya mini. Duk ranar da na ga motar nan ta nufi gada sai in ji kamar ranar aka shigo mini da gawar mahaifinku. Ta yaya zan kalli wannan mutumin in kira shi suruki?"

Auta ta kifa kanta a gwiwar Umma. Da Gwaggo ce kaɗai da da sauƙi, don masifar Gwaggo kowa ya saba da ita. Kukan Umma ne ba ta da maganinsa.

Abin da mutanen gidan suka ƙi su ji shi ne, yaƙin da ya raba garin gida biyu bai yi rabon da adalci ba. Rumbun madarar yara masu tamowa ya faɗo ta wannan gaɓar kogin, masana'antar da ke cika tukwanen iskar numfashi kuma ta faɗa ta can. Ƙungiyar agaji ta sha zarya kafin ɓangarorin biyu su yarda mota ɗaya tak ta riƙa tsallaka gadar. Ta tafi da madara da tukwanen da suka ƙare, ta dawo da cikakku. Direbanta shi ne wanda kowa ke kira Dogo, mutumin da ko waya ba ya tsallakawa da ita don kada wani ya ce ya ɗauki hoto.

Auta ce nas ɗin da ke miƙa masa tukwanen ɗakin yara. Ƙa'idar aikin ita ce a ƙwanƙwasa kowace tukunya da sifana. Wadda babu komai a cikinta tana amsawa da ƙara mai tsawo, sai a zana mata alama da alli. Ana so mai miƙawa ya ƙwanƙwasa, direba ma ya sake. Wata rana Dogo ya mayar da sifanarsa aljihu ya ce, "Sista, kunnenki ya ishe ni." To daga nan fa aka fara. Wasu da turare ake sace musu zuciya, ita da wannan 'yar maganar aka tafi da tata.

"Gwaggo, ya isa haka," in ji Yaya. Ya saɓa bindigarsa. "Auta, zo ki raka ni."

Ta tashi ta bi shi. Yaya ba ya neman rakiya.

A baranda ya tsaya, ya waiga ya tabbatar babu mai jin su, sannan ya sassauta murya.

"Kina son sa da gaske?"

"Ina son sa, Yaya."

"To zan ba shi ke. Ya turo manyansa, ni da kaina zan tsaya a ɗaura, kuma ni zan lallashi Umma."

Ta ɗago da sauri, idanunta cike da hawaye. Ta buɗe baki za ta yi godiya, ya ɗaga mata hannu.

"Gobe da safe mutanena za su kawo tukunya ɗaya bayan asibiti. Za su jera ta cikin naku. Abin da nake so kawai ki sa mata allinki."

"Me ke cikinta?"

"Muna da mutane a can da aka ritsa da su, harsasansu sun ƙare. An yanka gindinta an zuba, an yi walda, an shafa fenti. Akwai namu a masana'antar, zai gane ta ya ware."

"Innalillahi! Yaya, in aka kama shi fa?"

"Wa ke binciken Dogo? In sun ga allin asibiti ɗaga masa hannu kawai suke yi."

"In suka gano, kashe shi za su yi. Su rufe gadar. Yaya, jarirai ne a kwance da roba a hanci, ka taɓa ganin yadda yaro ke yin baƙi in iska ta yanke?"

"Na ga yadda Abba ya yi," ya ce. "Ni na kwaso shi a cikin zani, ke ba ki gani ba. Sau ɗaya ne, Auta, ba zan ƙara tambayarki ba. Ke ba yarinya ba ce, ba zan miki dole ki auri ɗan Gwaggo ba. Amma wallahi in kika ƙi, muddin ina numfashi Dogo ba zai aure ki ba. Ki zaɓa."

Ya sauka daga baranda ya tafi, ya bar ta riƙe da ginshiƙi.

*

Da safe ɗakin yara cike yake kamar kullum, gado ɗaya yara biyu, iyaye mata a ƙasa kan kwalaye. Auta ta bi tana duba allurar agogon kowace tukunya. Duk sun yi ƙasa. Wata mata mai tagwaye ta kamo gefen rigarta.

"Sista, yau motar za ta je ko?"

"Za ta je, in sha Allahu."

"Allah ya yi wa direban nan albarka. Ni ban san shi ba, amma kullum yana cikin addu'ata."

Auta ta zame rigarta a hankali ta fita, don in ta ƙara tsayawa kuka za ta yi.

A bayan asibiti tukwanen na jere jikin bango. Wasu mutum biyu daga cikin mutanen Yaya na zaune kan bulo, wai sun zo taimakon lodi. Ba sai an nuna mata ba. Ta ukun ƙarshe fentinta ya fi na sauran sheƙi.

Ta ɗauki sifana ta fara. Kowace ta amsa, ta zana mata da'irarta mai ɗigo biyu a ciki. Da ta iso kan waccan ta ƙwanƙwasa a hankali, kamar mai fatan ƙarya Yaya ya yi mata. Tukunyar ta ce "dum", ta yi shiru.

Ta tsaya da allin a hannu. Ta ce wa kanta sau ɗaya ne. Ta ce wa kanta ba a taɓa bincikarsa ba. Ta tuna shekarunta, ta tuna ƙawayenta da suka yi aure har suka yaye, ta tuna yadda Dogo ke sunkuyar da kai in zai shiga ƙofar ɗakin yara. Mutum in yana son abu, ba ya rasa dalilin da zai ba kansa, kuma Auta ta samo har da na ajiya.

Ta zana da'irar. Ta ɗiga ɗigo biyu.

"Sista, barka da asuba."

Ta zabura. Ɗan Gwaggo ne, cikin fararen kaya da ƙamshi, ya kawo durom ɗin man inji. Mutumin ba shi da laifi a fuska, kullum murmushi, abin da ke ƙara ba ta haushi ke nan.

"Na ji an ce an kusa sa rana," ya ce. "Ina taya ki murna. Allah dai ya sa gada ta dawo mana da ango lafiya, kin san hanya ba ta da tabbas."

Ya yi maganar yana kallon tukunya mai sheƙi, ba ita ba. Sai da ya juya ya tafi sannan abin ya daki ƙirjinta. Ashe shi ma ya sani.

Kafin ta gama tattara hankalinta motar agaji ta shigo da baya, farar tuta na kaɗawa a samanta, kwalayen madara jibge a gaba. Dogo ya diro yana dariya, abin da bai cika yi ba.

"Sista, yau kamar a mafarki! Na biyo ta shingen gada, Yayanki da kansa ya miƙo mini hannu. Har ya ce in gaida mutanen gida. Ni! Na kusa sakin sitiyari."

"Haka ya ce?" in ji Auta.

"Wallahi. Me kika yi masa? Ko addu'ar tsohuwata ce ta karɓu? Jiya ma sai da ta ce in tambaye ki wane launin labule kike so, wai kada ta saya ki raina."

Mutanen Yaya suka tashi suka kama lodi da sauri. Su biyu suka cicciɓi mai sheƙin, suka tura ta can tsakiya. Dogo na gefe yana ɗaure igiya, ko kallo bai kai ba.

"Jikinki lafiya? Idonki ya yi ja."

"Aiki ne."

"Ki riƙa hutawa, don Allah." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Kin san shekaranjiya sabon shugaban shingen can ya tsare ni? Ya ce don me ba za a sauke tukwanen nan a duba ba. Na ce masa in aka tsaya saukewa da ɗorawa, kafin in dawo wani yaron ya tafi. Na nuna masa allinki, na ce duk tukunyar da ya ga wannan alamar, in ya sami ko allura a ciki ya harbe ni a wurin, ya rufe gadar, na yafe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ya karɓa, amma ranar da ya ga dama zai zaɓi ɗaya ya gwada."

Ya yi dariya ya hau mota. "Sai na dawo, amarya. Au, Sista."

Motar ta tashi. Auta na tsaye, allin ya narke a tafin hannunta saboda gumi. Ta ga motar ta zagaya ɗakin wanki, ta nufi babbar ƙofa. A bakin ƙofar Yaya ne tsaye, ya zo ganin tafiyar kayansa da idonsa.

Ba ta san lokacin da ta cillar da takalmanta ba.

"Tsaya! Dogo, ka tsaya!"

Ta kwasa a guje ta tsakiyar masu jinya, hularta ta faɗi ba ta waiwaya ba. Ta sha gaban motar ta buga tafukanta a kan ƙarfen gaba. Dogo ya taka birki har tukwanen suka yi ƙara a baya.

"Lafiya? So kike in take ki?"

"Auta!" Yaya ya daka mata tsawa. "Matsa daga nan!"

Ba ta kalle shi ba. Ta zagaya wajen taga tana haki. "Ka sauko da sifanarka. Akwai wadda za ka ƙwanƙwasa."

"Ai kin riga kin..."

"Don girman Allah ka sauko!"

Ya sauko. Ya hau bayan motar, ta nuna masa da yatsa. Ya ƙwanƙwasa ta kusa da ita, ta amsa. Ya ƙwanƙwasa mai sheƙin. Wurin ya yi tsit, har mai gadin ƙofa ya ji yadda ta ƙi amsawa.

Dogo ya durƙusa ya shafa gindinta, ya ji tabon walda a ƙarƙashin fenti. Sannan idonsa ya hau sama ya tsaya a kan da'irar alli. Ya daɗe yana kallonta.

Yaya ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Direba, ka saurare ni. Ka ja motarka ka tafi kamar ba ka ji komai ba. Ka dawo ka turo manyanka, na ba ka ita. In ka sauke tukunyar nan, ka sauke ƙanwata ke nan har abada."

"Na ji, Kwamanda," in ji Dogo.

Ya kwance igiya. Ya rungumi tukunyar shi kaɗai, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya mirgino ta har bakin mota, ya sauke ta a hankali a gaban takalman Yaya.

"Ga kayanka. Ban gan su ba, ba zan faɗa wa kowa a can ba, kamar yadda ban taɓa faɗa maka abin da na gani a wajensu ba. Amma ba a motata ba."

Fuskar Yaya ta yi baƙi. Ya dubi Auta, kallon da ba ta taɓa gani a idonsa ba. "Kin zaɓa," ya ce. Ya yi wa mutanensa alama suka ɗauke tukunyar, suka fice.

Auta ta juyo ga Dogo, hawaye na zuba har haɓarta. "Ka yafe mini. Cewa ya yi in na yi zai ba ka ni. Na gaji, Dogo, na gaji da jira, na gaji da kukan Umma. Na ce sau ɗaya ne."

"Ke kika sa allin?"

"Ni ce."

"Ba kama hannunki aka yi ba? Ba wani ne ya kwaikwayi alamarki ba? Ki ce mini haka ne, wallahi zan yarda."

Ta girgiza kai tana shessheƙa. "Da hannuna na zana."

Ya jingina da mota. "Kin ƙwanƙwasa ta?"

"Na ƙwanƙwasa."

"Kin ji ba ta amsa ba."

"Na ji."

"Kuma ina tsaye a gabanki ina miki zancen labule." Ya yi wata dariya da ta fi kuka ciwo. "Auta, wuyana na ajiye a kan allin nan. Wuyana ma da sauƙi, ni kaɗai ne. Yaran can fa da ke jiran madara? Naki fa da ke ciki?"

"Ai na tsayar da kai! Na tsayar da kai, na rasa Yaya, na rasa auren, duk don kada ka tafi da ita. Wannan bai isa ba?"

"Ya isa in gode miki har in mutu." Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Kin ceci raina, ban musa ba. Amma ke kika ɗora, ke kika sauke, ni kuma ban san da wacce zan zauna a gida ba."

"Da wadda ta sauke," ta ce, ta kama hannun rigarsa. "Don Allah, Dogo. Ina son ka. Kuskure ne, ban taɓa yi ba, ba zan ƙara ba."

Bai fizge ba, bai kuma riƙe ta ba. Ya dubi rana, ya dubi tagogin ɗakin yara inda iyaye suka yi cirko-cirko suna leƙe.

"Lokaci na tafiya. In na makara za su rufe shinge."

Ya hau bayan motar ya bi sauran tukwanen ɗaya bayan ɗaya da sifanarsa, duk da allinta na jikinsu. Tana tsaye ba takalmi tana jin kowace na amsawa. Da ya gama ya ɗaure igiya, ya shiga ya tayar da mota.

Ta riƙe bakin taga. "Za ka dawo?"

"Iskar za ta dawo," ya ce, ya ja motar.

Yinin nan Auta ta yi shi ne kamar ba a jikinta ba. Ta ɗaura wa yara ƙarin ruwa, ta canza roba, ta auna zafi, kunnenta na bakin ƙofa. Da azahar Umma ta aiko a ce mata Yaya ya zo ya kwashe kayansa daga gidan, ya ce ba zai ƙara kwana inuwa ɗaya da ita ba. Ta ce to. Da la'asar allurar tukunyar tagwaye ta kwanta a kan ja, uwarsu ta fara salati da ƙarfi.

Sai ga ƙarar mota.

Ɗakin ya kaure da hamdala. Auta ta riga kowa fita. Motar ce, da farar tutarta, bayanta cike da tukwane masu sabon hatimi. Ta tsara abin da za ta faɗa masa tun safe, ta yi niyyar ko a gaban mutane ne za ta durƙusa. Ta isa jikin ƙofar direba kafin injin ya mutu.

Ƙofar ta buɗe. Wani dattijo mai furfura ya sauko a hankali yana dafa gwiwa.

"'Yata, ke ce mai karɓar kaya?"

Ta leƙa bayansa. Kujerar babu kowa.

"Baba, ina direban?"

"Dogo? Lafiyarsa ƙalau, shi ya yi lodin nan da hannunsa, ya kawo motar har ofis. Daga nan ya roƙi a mayar da shi wata hanyar, can nesa wajen sansanin 'yan gudun hijira. An yi an yi ya faɗi dalili, ya ƙi. Daga yau ni zan riƙa zuwa."

"Bai ba ka saƙo ba?" in ji ta. "Ko kalma ɗaya?"

Dattijon ya yi ɗan tunani. "Ya ce in gaya wa nas ɗin ɗakin yara a fara kai wa tagwaye, tasu ce ta fi yin ƙasa."

Auta ta gyaɗa kai. Ta goge fuskarta da bayan hannu, hawayen suka sake zubowa. Ta kama wuyan tukunyar farko ta fara mirgina ta zuwa ciki, tana kuka, uwar tagwaye na bin ta a baya tana sa wa direba albarka.